Makullin Famfo

Shekara tara makullin famfo yana rataye a wuyana,
tun ranar da aka ɗora tanki kan ƙarafa huɗu a Aujara,
hasken rana ya karɓi aikin guga, kafaɗunmu suka huta.
Duk wanda ya kawo jarka sai na yi masa kirari:
duba, ko hawayen jariri bai kai shi haske ba.

Mudassiru, ɗan ƙanwata, golan unguwarmu,
idonsa ba ya cin nesa tun yana ƙarami.
Tabarau uku ƙwallo ta fasa masa a fuska,
na huɗu akuya ce ta taka.
Ya sayar da buhun riɗi, ya hau motar Kano,
ya dawo da wani abu kamar fatar cikin albasa,
guda biyu, suna iyo a 'yar batta mai ɗaki biyu.
Ya ɗora ɗaya a kan yatsa, ya ɗage fatar ido,
muka kau da kai, tsikar jiki na tashi.
Ya ce: Kawu, ina ganin ganyen tsamiya ɗai-ɗai,
har ƙudan da ke kunnen jakin Ilu ina ƙirgawa.

Damina guda ragarsa ba ta motsa ba.

Sai ruwan kwalbar ya ƙare.
Gero bai nuna ba, aljihu iska,
kuɗin mota ma ya fi kuɗin kwalbar.
Ya same ni bayan magariba, batta a tafin hannu,
ya ce: an hana ni, amma...
Ni na katse shi. Ni da bakina.
Na ce: ruwan da muke alwala da shi,
muke dama fura, muke wanke jinjiri ranar suna?
Na murɗa kan famfo, na cika masa ɗakunan biyu.

Kwana shida, ido ya yi ja kamar gauta.
Kwana goma, yana gudun haske kamar jemage,
ya ƙudundune da zanen uwarsa a ƙuryar ɗaki
yana cewa ƙaya ta karye masa a ciki.

A asibitin Dutse wata mai farar riga ta kira ni gefe.
Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi.
Ta ce: Baba, abin da maƙogwaro ya yafe, ido ba ya yafewa.
Ciki yana da wutarsa, yana ƙone baƙo,
ido kuwa gida ne babu danga babu kare.
Akwai halittu a ruwa da tsinin allura ya fi su girma,
suna kwana a bangon tanki da santsin bututu.
In suka sami fatar nan sai su maƙale,
ta rufe su a kan ƙwayar ido kamar faifai a bakin ƙwarya,
su yi ta ci, babu mai kora.

Wata huɗu ana ɗiga magani.
Uwarsa ta koyi tashi kafin zakara, ta koyi karanta agogo.
Na dama ya tsira.
Na hagu ya tashi da farin tabo kamar ɗigon nono a baƙin zane.

Yanzu da tabarau yake, ya ɗaure da roba ta ƙeya,
yana zama bayan raga yana faɗa wa sabon gola inda zai faɗi.
In ya wuce yana gaishe ni har ƙasa.
Gaisuwar ce ta fi yi mini nauyi.

Jiya na hau tsani, na buɗe tankin,
na shafa bangonsa da yatsa, na ji santsi kamar yauƙin kuɓewa.
Ruwan yana nan garau, har fuskata na gani.
Na daɗe ina kallonsa,
ban san su nawa ke kallona daga ciki ba.

Da safe yara suka jera jarkoki.
Na murɗa famfo. Ban yi kirari ba.